Anime da manga masu daɗi da aka bari a baya, kowa ya kawo nasa

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Jiya na je shagon masu tura fim a unguwarmu, na ce wa yaron ya zuba mini anime, wato finafinan zane na Japan. Ya buɗe kwamfuta, sai ga Naruto, One Piece, Demon Slayer, Attack on Titan. Na ce babu wani? Ya ce ai su ke nan ake tambaya. Ban ga laifinsa ba, abin da ke fita shi ɗan kasuwa zai ajiye. Amma abin ya tsaya mini a rai, don mutanenmu da yawa sun ɗauka zanen Japan duk faɗa ne da ihu da ƙarfin tsafi.

Ni bari in fara da nawa: Mushishi. Wata mata ce, Yuki Urushibara, ta zana littafin daga 1999 zuwa 2008, juzu'i goma. Aka mayar da shi anime a 2005, kashi 26, aka ƙara wani zangon a 2014. Labarin wani mutum ne mai suna Ginko, mai farin gashi da ido ɗaya, yana yawo ƙauye ƙauye da akwatin katako a bayansa. Aikinsa magance larurar da wasu halittu da ake kira mushi ke jawo wa mutane. Babu yaƙi, babu mugu. Kowane kashi labari ne mai zaman kansa, ka gama shi ka yi shiru na ɗan lokaci kafin ka iya taɓa na gaba. Kowa ya kawo nasa, amma don Allah ban da tona ƙarshen labari.

Auta:
Wa alaikumus salam Yaya. Na gwada shi bara, kashi biyu na kalla na ajiye. Ya cika sanyi, mutum yana jira wani abu ya faru har a gama.

Ɗan Fagge:
Auta, abin yana faruwa, sai dai ba da ƙara ba. Ka daure ka kai kashi na uku. Wani ƙauye ne cikin dusar ƙanƙara inda mutane ke kurumcewa, ashe wani mushi ne mai kama da dodon koɗi yake shiga kunne yana cin sauti. Ginko ya fitar da shi da ruwan gishiri. Sai kuma ga wani yaro da ƙahoni suka fito masa a goshi, shi kuma tasa matsalar ita ce yana jin komai fiye da kima, kuma irin ciwon da ya kashe mahaifiyarsa ke nan. Idan wannan bai taɓa ka ba, to na yarda ba naka ba ne.

Malam Tela:
Ni wanda ya fi tsaya mini shi ne na irin shuka. Ƙauyen da duk shekarar da damina ta ɓaci a maƙwabta, su gonarsu sai ta yi albarka, amma a wannan shekarar sai mutum ɗaya cikinsu ya rasu. Wanda ke binne irin ya san abin da yake yi, kuma ba mugu ba ne, yunwar mutanensa yake gudu. Ni ɗan manomi ne, na ga shekarar da aka share rumbu tun kafin ruwa ya sauka. Na san irin tunanin da yunwa ke kawo wa magidanci. Tambayar da labarin ya yi, ko ran mutum ɗaya zai iya zama kuɗin cikin gari guda, ba tambayar yara ba ce.

Abu Sumayya:
Ina da tambaya kuma da gaske nake. Waɗannan mushi ba iskoki ba ne da wani suna? Shi Ginko ɗin kuma ba boka ba ne? Ina da ƙanne a gida, ba na son in kawo musu abin da zai taɓa aƙida.

Ɗan Fagge:
Tambayarka a kan hanya take, Abu Sumayya. Yadda labarin ya nuna su, ba a bauta musu, ba a yi musu yanka, ba a roƙonsu komai. Tun kashi na farko Ginko ya kwatanta da hannu: yatsu su ne dabbobi da tsirrai, ɗan Adam yana can ƙarshen yatsan tsakiya, idan ka gangaro wuyan hannu ka iske su naman kaza da ƙananan ƙwayoyi, su kuma mushi suna can kusa da zuciya, wato tushen rayuwa. Ya fi kama da mai maganin gargajiya da ke nazarin cuta. Amma ba zan ɓoye maka ba, tunanin Japanawa na da game da duwatsu da dazuzzuka yana ciki sosai. Ka fara kalla kai kaɗai, in zuciyarka ba ta natsu ba ka bar shi.

Abu Sumayya:
Na gode. Haka zan yi.

Maman Ilham:
Sannunku da hira. Ni manga zan kawo, wato littafin labarin zane na Japan, kuma har yau ba a yi masa anime ba. Sunansa Otoyomegatari, da Turanci A Bride's Story, na Kaoru Mori, ta fara shi a 2008. Ba a Japan labarin yake ba ma, a tsakiyar Asiya ne, yankin Tekun Kasfiya da hanyar fatauci ta siliki, a ƙarni na 19 lokacin da Rasha ke matsowa kudu tana cin ƙasa. Labarin amare ne, ɗaya bayan ɗaya.

Wallahi ranar da na fara karanta shi sai na ji kamar a tsakar gidan kakata nake. Akwai wata yarinya Pariya, gwanar gashin burodi amma ɗinkin ado yana ba ta wuya, ga ta da saurin baki har ana ganin za ta rasa miji. A can, tun yarinya tana ƙarama take tara yadudduka masu ado da za ta tafi da su gidan miji. Aka kawo wa garinsu hari, gidansu ya rushe, kayan da aka yi shekaru ana tarawa suka lalace, aure ya tsaya sai an sake. Duk macen da ta ga uwa tana tara kwalla da tasa da langa a ƙarƙashin gado tun 'yarta ba ta kai ko'ina ba, ta san wannan tashin hankalin ba sai an fassara mata ba.

Akwai kuma wurin da tsohuwar gidan ta buɗe akwati tana nuna wa ƙaramar yarinya ɗinkin iyayen iyayensu, tana cewa wannan zanen na wance ne, wancan na wance. Matan sun daɗe da rasuwa amma an san hannun kowacce. Na yi kuka a wurin, ba zan ɓoye ba.

Malam Tela:
Maman Ilham, wannan na taɓa ganin shafukansa a wayar wani yaron shagona. Ni da nake zaune kan aikin allura, na tsaya ina ƙirga ɗinkin rigar amaryar. Matar nan ba ta yi ha'inci ba, kowane zare ta zana shi, kuma a kowane hoto ta sake zana shi. Wanda ya taɓa yin aska takwas a babbar riga ya san abin da ake nufi da maimaita abu ɗaya ba tare da hannu ya kauce ba.

Ɗalibar Samaru:
Anti, ina son littafin nan amma a faɗi gaskiya duka. Amaryar farko, Amir, shekararta 20, mijinta Karluk shekararsa 12. Ni wannan ya dame ni tun shafin farko, kuma har yanzu bai daina damuna ba. Sannan zanen ya yi kyau har yana rufe wahalar da ke ciki. Matan nan ba su da ta cewa a aurensu. Dangin Amir da kansu suka dawo za su ƙwace ta su ba wani dangi saboda filin kiwo, kamar akuya.

Maman Ilham:
Ƙanwata, ban musa miki ba. Tazarar tana nan, kuma a labarin ma mutanen garin ita suke gani ta tsufa da aure, ba shi suke gani ya yi ƙanƙanta ba. Yadda aka nuna zamansu ya fi kama da ya da ƙaninta, shi kuma kullum burinsa ya girma ya isa a kira shi mai gida. Amma batun cewa an rufe wahala, nan ban bi ki ba. Ki tuna Talas, wadda ta auri 'yan'uwa biyar ɗaya bayan ɗaya duk suka rasu, ta rage daga ita sai uwar mijinta a cikin daji. Ina kwalliya a nan? Kuma zancen ƙwace Amir da kika kawo, ai littafin ne ya nuna miki muninsa, har tsohuwar gidan ta ɗauko baka ta tsaya a ƙofa ta kore su.

Ɗalibar Samaru:
Na yarda da na Talas. Amma ina nan a kan bakata game da auren farkon. Mai zanen tana da damar ta sa shekarunsa su fi haka, ta zaɓi kada ta yi.

Maman Ilham:
Wannan haƙƙinki ne. Abu ɗaya da zan ƙara don masu yara: a juzu'i na bakwai labarin ya koma ƙasar Farisa, kuma akwai shafuka da yawa a gidan wankan mata, babu sutura. A san wanda za a miƙa wa.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Mu nan da Faransanci muke samunsa, sunansa Bride Stories, har ya ci kyauta a bikin littattafan zane na Angoulême a 2012. Faransawa suna fassara manga da yawa ƙwarai, shi ya sa wani lokaci mukan riga ku ganin abu.

Nawa shi ne Planetes, na Makoto Yukimura, wanda daga baya ya yi Vinland Saga. Kowa ya san na biyun, na farkon kuwa shiru. Manga juzu'i huɗu ne kacal, anime kashi 26, an fara nuna shi a 2003. Shekarar 2075 ce, mutane suna zuwa wata kamar zuwa kasuwa, amma jaruman labarin 'yan kwasar shara ne. Aikinsu tsince tarkacen tauraron ɗan Adam da ke yawo a sama. A kamfaninsu ma raina su ake yi, ana kiran sashensu rabin sashe don an ba su rabin ma'aikata. In ce muku 'yan gwangwan ne na sararin samaniya.

Farkon labarin ƙusa ɗaya ce tak ta bugi tagar jirgin fasinja, mutane suka hallaka, cikinsu har da matar ɗaya daga cikin ma'aikatan. Shekaru yana wannan aiki yana neman wani ɗan abu nata da ya ɓace a wurin.

Injiniya Ƙarami:
Planetes! Allah Ya saka maka, ɗan'uwa. Kuma matsalar ba ƙirƙira ba ce. Abin da ke kewaya duniya a ƙasa-ƙasa yana gudun kusan kilomita 8 a daƙiƙa ɗaya, don haka ƙusa ta fi harsashi. Tun 1978 wani masanin NASA, Donald Kessler, ya yi gargaɗin cewa tarkace zai riƙa bugun tarkace yana haifar da wani har hanya ta toshe. A 2007 Sin ta harbe wani tsohon tauraronta ya tarwatse gutsattsari dubbai. A 2009 tauraron Iridium na Amurka ya yi karo da wani mataccen tauraron Rasha. Duka biyun bayan an gama anime ɗin suka faru.

Amma abin da ya fi kama ni wani ne. Akwai kashin da wani injiniya daga wata matalauciyar ƙasa, ƙasar ƙirƙira ce, ya zo da rigar sama jannati da suka ƙera da kansu, yana neman a gwada ta a amince. Kowa na yi masa kallon banza don ƙasarsu ba ta da suna. Labarin yana tambaya a fili: idan manyan ƙasashe suka raba arzikin sama a tsakaninsu, ina rabon sauran? A shekarar da aka fara nuna shi, 2003, Najeriya ta harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, kuma daga ƙasar Rasha aka harba mana shi. Da na haɗa waɗannan biyun sai na ga ashe da mu ake.

Auta:
To ni Monster zan ce. Likitan da ya ceci yaro, yaron ya girma ya zama makashi.

Injiniya Ƙarami:
Auta, Monster gwani ne, kashi 74 kuma babu na zubarwa. Amma ba ya cikin waɗanda aka manta. Duk wanda aka tambaya anime na manya shi yake fara faɗa.

Auta:
A intanet ne aka san shi. Ka zo unguwarmu ka nemo mini mutum uku da suka gama shi.

Ɗan Fagge:
Auta ya yi gaskiya a nan. Abin da ya yi suna a Tokyo ko Amurka daban, abin da ya iso wayoyinmu daban. A bar masa Monster ɗinsa.

Bint Sudan:
Salam. Ni a Sudan na tashi, iyayena Hausawa ne, kuma mu da Larabci muka sha waɗannan abubuwa ba mu ma san na Japan ba ne. Kyaftin Majid da muke ihu a kansa ashe Captain Tsubasa ne. Wanda nake so ku nema shi ne wanda muka sani da Adnan wa Lina. Asalin sunansa Future Boy Conan, na 1978, kashi 26, kuma Hayao Miyazaki ne ya ba da umarni tun kafin a kafa kamfaninsu na finafinan zane, Studio Ghibli. Duniya ce bayan yaƙi ya nutsar da ƙasashe, yaro da kakansa a tsibiri, sai teku ta kawo wata yarinya. A ƙasashen Larabawa babu wanda bai san shi ba, amma da na dawo Kano ban sami ko mutum ɗaya da ya taɓa jin sa ba. Kuma shi wannan za ka zauna da yaranka ku kalla hankali kwance.

Abu Sumayya:
Irin wannan nake nema. Akwai wani kuma da ya dace da gida?

Bint Sudan:
Akwai ɗan manga mai suna Satoko and Nada, juzu'i huɗu. Ɗaliba 'yar Japan da ɗaliba 'yar Saudiyya suna zaune ɗaki ɗaya a Amurka. Ana zancen hijabi, azumi, abincin halal, da auren da iyaye ke haɗawa, kuma ba a mayar da Musulmar abin tausayi ba. Ita ce ma mai bakin da ƙarfin hali a cikinsu. Gajeru ne, kowane shafi da ɗan labarinsa.

Ɗalibar Samaru:
Tunda aikin gona nake karanta, dole in ambaci Silver Spoon. Hiromu Arakawa ce ta yi shi, mai Fullmetal Alchemist, kuma ita kanta a gidan kiwon shanun madara ta tashi a Hokkaido. Yaron birni ne, Hachiken, ya gudu daga matsin karatu da na mahaifinsa ya shiga makarantar koyon noma yana zaton hutu zai samu. Sai ga tashin asuba, kwashe kashin dabbobi, karɓar haihuwar saniya. Wurin da ya fi yi mini ciwo shi ne abokinsa da bashi ya ci gonarsu, aka sayar da shanun, ya bar makaranta ya tafi neman kuɗi, alhali yana da burin zama ɗan wasa. A ajinmu akwai wanda irin haka ta same shi, shekara ɗaya ta ɓaci aka daina ganin sa.

Sai dai in faɗa tun yanzu, wani babban sashe na labarin a kan ɗan alade ne da yaron ya yi renonsa har aka yanka. Darasin shi ne wanda ke cin nama ya san daga ina ya fito, irin abin da duk yaron da ya shaƙu da ragon layya ya sani. Amma wanda ganin alade ke tayar masa da zuciya ya sani kafin ya fara.

Malam Tela:
Ni kuma bari in ƙara ɗaya da nake ganin dattawa ma za su so, Showa Genroku Rakugo Shinju, na 2016. Rakugo sana'ar ba da labari ce a Japan. Mutum ɗaya ne zai durƙusa a kan matashi, ba shi da komai sai mafici da ɗan ƙyalle, da su zai yi sandar cin abinci, da su zai yi wasiƙa, shi ne miji shi ne mata shi ne yaro, da juya kai kawai da sauya murya. Labarin ya fara da wani da ya fito daga gidan yari ya tafi kai tsaye wurin wani tsohon gwani ya ce sai ya ɗauke shi almajiri, don ya taɓa jin sa ya yi wasa a kurkuku.

Abin da ke ƙarƙashi shi ne sana'a tana mutuwa, rediyo da talabijin sun kwashe jama'a, tsohon kuma yana so ya tafi kabari da ita. Ina kallo ina tuna wata tsohuwa a gidanmu da in ta ce ga ta nan ga ta nanku, har manya sai sun matso. Ta yi muryar Gizo da tsamin bakinsa, ta juya ta yi ta Ƙoƙi. Ta rasu, kuma cikinmu babu wanda ya ɗauki ko rabin abin da ta sani. Wannan ba na yara ba ne, akwai shaye-shaye da zancen mata a ciki, amma babba zai amfana.

Maman Ilham:
Allah Ya jiƙanta, Malam. Mu ma tamu haka ta tafi da nata.

Malam Tela:
Amin, na gode. Allah Ya jiƙan naku.

Auta:
To ina ake samun duk waɗannan? Data ta yi tsada, kuma mai shago ba shi da su.

Ɗan Damagaram:
Fara da gajeru. Ping Pong the Animation kashi 11 ne kawai, na 2014. Zanensa zai ba ka mamaki da farko, layukan a karkace kamar an yi da gaggawa, amma da gangan ne, kuma in aka fara buga ƙwallon za ka ga dalili. Yara biyu ne abokai, ɗaya yana da baiwa ba ya son wahala, ɗaya yana da baiwa ba ya son ya kayar da kowa. Ku da kuke da Aruna Quadri, ɗan wasan ƙwallon tebur na Najeriya wanda ya kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta Rio a 2016, bai kamata wannan ya wuce ku ba.

Ɗan Fagge:
Auta, wasu suna kan Crunchyroll, shafin kallon anime a intanet, ga mai iya biya, amma ba duka ake buɗe wa yankinmu ba, sai ka duba. Shi kuma mai shagon, na koma wurinsa da yamma na rubuta masa sunaye a takarda. Ya ce in mutum biyar suka tambayi abu ɗaya zai nemo shi. Mu nan mun fi biyar. Na rubuta Mushishi, Planetes da na Bint Sudan. Maman Ilham, naki littafi ne, sai dai mu yi karo-karo mu sayi juzu'in farko ya riƙa zagayawa.

Maman Ilham:
Ina da na ɗaya zuwa na uku a gida. Duk mai so ya yi mini magana ta gefe, ƙanina zai kawo masa. Sharaɗi ɗaya ne, a wanke hannu kafin a buɗe, kuma kada a naɗe kunnen shafi.

Ɗalibar Samaru:
Anti, ni ce ta farko a layi. Ina so in sake duba wurin Pariya.

Auta:
Yaya, na sauke kashi na uku na Mushishi ɗin. Idan an kawo wuta yau da dare zan kalla in dawo in faɗa muku.